Butalin Kumandan

Daga Zangon Kumasi, ƙasar Kurmi, zuwa ga ɗana Nomau a Rijiyar Kalgo, ko duk inda takardar ga ta iske shi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gaishe ka, ina gaida innarka Hajo, da duk wanda ya tambaye ni, in akwai. Allah shi sa kuna cikin bazara lafiya, shi tsare ku da zafinta da ciwon da take jawowa. Ni nan alhamdu lillahi, ina da rai, ina da ƙafafu biyu, ɗaya ma tana aiki sosai.

Bayan haka. Wani bafatake ɗan Matankari ya sauka gidan da nake haya, na zaunar da shi na matse shi labarin gida. Ya ce rijiyar tsakar gari ta ja baya sai an ƙara igiya, an yi wa liman jika, guguwa ta ɗauke rufin rumbun Bawa ta aza shi a gonar surukinsa, har yanzu ana gardamar na wa ne. Sai da ya tashi za ya tafi, yana kakkaɓe riga, ya ce, "Af, na manta. Ɗanka ya gama lakwal, makarantar Nasara. Mutanen biro, ofishin kumandan, sun ba shi butalin awon ruwan sama, za su tura shi wani ƙauye bayan Dogon Kiriya kafin ruwan farko." Ina cin dokunu, tuwon masarar mutanen nan, lokacin. Lomar ta tsaya mini a wuya, sai da anka buga mini baya.

Na san innarka ta ce maka fataucin goro ya kawo ni Kurmi. Ta kyauta, mace ce mai rufin asiri. Goro kam ina ɗaukarsa, a bisa kai, daga mota zuwa rumfa, na wasu mutane. Abin da ya kawo ni nan butalin ga ne da anka ɗora maka. Ni ne na fara riƙe shi a garinmu, kana goye. Don haka zauna ka karanta, kada ka karanta a tsaye.

Da na dawo daga soja, ni kaɗai ne a gari na san lamba, don shekara biyu ina karanta ta a jikin akwatunan harsashi. Kumandan na Dutsi na lokacin, Nasaran da ke mulkin yankinmu, wani dogo mai jan wuya, ya sa anka kira ni biro. Tafintansa ya nuna mini kayan: mazurari na kwano, butali mai zane-zane a jiki, kaye, wato littafin rubutu, da kiriyo na rubutawa. A kafa shi bisa gungume. Kowace safiya a duba ruwan da ya shiga, a rubuta, a zubar. Ranar kasuwar Dutsi a kawo kayen biro, tare da labarin gari. Anka ce kuma an ɗauke mini aikin hanya. Na fito ina jin ni rabin kumandan ne.

Na kafa shi a ƙofar gidana, don kowa ya san na wane ne. Na share wurin, na kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da safe in na fito dubawa har sara masa nake yi irin ta soja. Mata masu zuwa rijiya su tsaya da tulu a kai suna kallo, ni kuwa ina ƙara ƙamewa.

Shekarar nan bazara ta ƙi tafiya. Zafi har ƙadangaru na gudu da ƙafa uku suna hutar da ɗaya. Hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi bisa duwatsu, iska ta kaɗa, mata su kwashe shanya, sai ya watse kamar an kira shi wani wuri. Sau uku haka. Bayan na ukun tsohuwa Tamo, mai borin garinmu, ta zo da sandarta ta tsaya gaban ƙayar.

"Ɗan nan, mi ka kafa nan?"

"Ma'aunin ruwa ne, Inna."

"Wane ruwan?"

"Wanda za ya zo."

"To kai, in ka zo bakin gari da kayanka, ka hangi mutum tsaye da mudu yana jiran ya auna ka, shiga za ka yi ko wucewa?"

Na ce mata hadari ba shi da ido. Ta ce ai shi ya sa yake gane gonar mai rowa. Mutane sun taru, kowa na gyaɗa kai. Kafin azahar an sa ni rufe bakin mazurarin da faifai, Tamo ta aza dutse bisa. Kwana biyu da rufewa anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gari duka na murna, ni ina tsaye gaban butali busasshe ƙaƙas. Ranar kasuwa na kai kaye babu ko ɗigo. Kumandan ya duba na sauran garuruwa, ya duba nawa, ya yi magana ta hanci. Tafinta ya ce, "Kumandan na tambaya, garinku laima gare shi?"

Nomau, in ka isa, kada ka kafa shi ƙofar ɗakin da anka sauke ka. Ka kafa shi ƙofar maigari. Ka kira liman ya tofa masa addu'a. Kowane gari yana da Tamonsa, ka neme ta tun ranar farko, ka kai mata goro, ka tambaye ta wajen da ya kamata ya fuskanta, ko da yake abin ba shi da gaba ba shi da baya. In hadari ya watse, a raba laifin da mutum huɗu. Kuma kada ka yi gardama da ita a gaban jama'a. Shekara goma sha wani abu na yi ina neman amsar maganar mudun nan, ban samu ba.

Da damana ta kewayo mutane sun ɗan saba da shi, ni ma bakina ya dawo. Wata la'asar anka yi ruwa mai ƙarfi, butali ya cika har zanen da ban taɓa ganin ya kai ba. Na fito dandali ina taku. Tsoho Gado, wanda ya fi kowa sanin ƙasa a garinmu, ya ce, "Soja, ya isa shuka? Da safe zan je in tona in gani." Ka san yadda ake yi tun kakanni: mutum ya je gonarsa shi da kansa, ya tura hannu cikin rairayi, in laima ta wuce wuyan hannu da kyau ya ɗauko sungumi, in ba ta wuce ba ya koma gida ya sha furarsa. Ni kuwa na ce, a gaban kowa, "Baba Gado, ku bar tonon ƙasa kamar kaji. Lamba ta faɗa. Ku shuka."

Abin da na manta, kuma yaro ɗan shekara bakwai ya san shi a Arewa, ruwanmu yakan sauka gabashin gari ya bar yammaci yana ƙura. Ranar nan gabas ya sha, yamma yayyafi ta samu. Masu gonakin yamma sun je sun ga laimar iyakarta yatsa. Wasu sunka dawo da irinsu. Da yawa kuwa sunka ce butalin Nasara ya fi hannu sani, sunka zuba iri. Kwana ashirin babu ɗigo. Hatsi ya tsiro kamar allura ya ƙone. Gonata tana gabas, ta yi kore shar, kuma hanyar masu yamma ta gefenta take bi, safe da marece. Na raba sauran irina duka, bai kai ko'ina ba. Daga ranar Gado bai ƙara ce mini Soja ba. "Ina kwana, Lamba? Ya iyalin Lamba?" Sunan ya bi ni har Dutsi.

Butali ruwan da ya shiga bakinsa kaɗai ya sani, bakin kuwa bai kai faɗin akushi ba. Za su tambaye ka, don kai ne ɗan lakwal. Ka faɗa musu lambar in suna so, amma kalmar "ku shuka" kada ta fito bakinka ko da wasa. Ka ce, "Baba, je ka tona, ka zo ka faɗa mini." Za ya ji daɗi, kuma in shukar ta ƙone, hannunsa ne ya faɗa.

Sai maganar labarin gari, wadda nake jin ta fi ruwan haɗari gare ka, don in ka gado ni, ka gaji surutu. Tafintan nan mutum ne mai daɗin zama. In na iso da ƙura har gwiwa sai ya ba ni kujera, ya sa a ɗebo mini ruwan tulu mai sanyi, ya ce, "To Lamba, mi ke akwai garinku?" A gida babu mai tambayata komi sai don ya yi mini dariya. Sai in saki baki.

Na ce kajin garinmu bana suna ƙwai kamar an roƙe su. Sati na gaba gardi, dogarin biro, ya zo, kwandon ƙwai kowace Jumma'a zuwa gidan kumandan. Na ba da labarin jakin Maigari Bagudu da ya faɗa tsohuwar rijiya anka fid da shi da igiya yana kuka, tafinta ya yi dariya har da hawaye, kumandan ma ya murmusa. Gardi ya zo, a gina wa duk rijiyoyin gari baki da dutse, dutsen kuma a ɗauko shi a kai daga tudu. Mafi muni, da kaka samarinmu sunka kada na garuruwa uku a kokawa, na je ina kirari, har da sunayensu da na iyayensu, ina nuna kaurin damtsensu da hannu. Tafinta yana rubutawa, ni ina tsammanin don tarihi ne. Su shida anka ɗiba aikin hanya, wata uku.

Daga nan in na doso gindin tsamiya sai hira ta mutu, kowa ya shiga duban yatsun ƙafarsa. Auren gwaggonka a bakin ganga na ji shi. Innarka ma, cikin ƙanenka sai da zane ya kasa rufe shi na sani. Na ce, "Haba Hajo, ni ne fa uban." Ta ce, "Kai ne. In na faɗa maka Laraba, Jumma'a kumandan ya ji, ya aiko gardi ya jira a yanke cibi ya tafi da shi fasa dutse."

In sun ba ka kujera a biro, ka zauna da rabin jiki. Labarin gari uku ne: ana lafiya, ana zafi, ana jiran Allah. In annoba ta shiga dabbobi ko fara ta sauka, wannan ka faɗa da gudu, don shi ne amfanin aikin. Amma wanda ya haihu, wanda ya yi ƙiba, wanda kazarsa ta yi ƙwai, ba ka gani ba, kana duban sama. Duk labarin da ya ba Nasara dariya, ka sani yana tafe da gardi a bayansa.

Yanzu ga wadda ta sa na sayi takarda.

Ka san rumbunan tsimi da ke bakin gari. Nasara sunka sa a gina su, kowane gida ya zuba dammansa bayan girbi, a liƙe da laka, ba a buɗewa sai da takarda daga Dutsi. Mun ƙi jininsu. Mutum ya noma hatsinsa, a ce sai wani mai jan wuya ya yarda za ya ci. Yawan abin da za a zuba kuma ya danganta da yadda damana ta yi, wanda ke faɗa musu yadda ta yi kuwa kayena ne.

Shekara ta huɗu damana ta zo da kyau tun farko. Wata ranar bayan la'asar Maigari Bagudu ya kira ni zaure, ya kori kowa, ya ɓare goro ya ba ni babban ɓarin.

"Soja," ya ce. Rabon da a kira ni haka an daɗe. "Ruwan bana ya yi yawa."

"Alhamdu lillahi, ranka shi daɗe."

"A gona, alhamdu lillahi. A kaye fa?"

Na ce na yi rantsuwa ba zan rubuta abin da ban gani ba.

"Wa ya ce ka rubuta abin da ba ka gani ba? Ka rage kafin ka duba."

Haka na yi. Kowace safiya in kau da kai gefe, in tuntsurar da rabi a ƙasa, sannan in juyo in duba da gaskiyata in rubuta. Gari ya sani kafin sati. Hira ta daina mutuwa in na zo. Ƙwaryar fura ta fara shigowa gidanmu daga gidajen da ba su gaishe ni ba shekara biyu. Gado ya matsa mini wuri a tabarma. Daɗin abin ya kwashe ni, na koma zubar da kashi uku cikin huɗu. Ranar da anka kawo mini cinyar rago, na zubar duka. Har cikin malka, ana kwana uku ba a ga rana ba, kayena yana cewa Rijiyar Kalgo ta zama hamada.

Zan faɗi gaskiyar mutumin nan ko da ba na ƙaunarsa: kumandan ya karanta, ya tsorata, ya loda buhunan hatsi a mota ya taso da kansa ya ceci garin da ke mutuwa. Motar ta nutse a fadamar bakin gari har ƙofa. Da munka iso yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa, kwaɗi na kuka ta ko'ina, hatsi hagu da dama ya fi mai doki tsawo, ga kayena a hannunsa yana jiƙewa. Ya yi magana mai tsawo. Tafinta ya ce, "Kumandan ya ambaci iyayenka." Sannan anka juya ga Maigari. Bagudu ya durƙusa cikin taɓo ya ce, "Ranka shi daɗe, mu ba mu san lamba ba. Mun dai ga yana zubarwa kowace safiya, mun ɗauka haka aikin yake."

Shekara uku na yi ina jin zafin maganar nan. Daga baya na zauna na tambayi kaina abin da zan faɗa in ni ne da rawani da gari a wuya, na ga ita zan faɗa. Anka yi mini kwana goma sha biyar a kaso, kurkukun biro, aikina ban ruwan lambun kumandan, a tsakiyar malka. Sannan anka maido mini butalina, don har lokacin babu wani mai lamba.

Damanar da ta biyo, ruwa ya ƙi. Sau uku munka shuka. Abin da na samu cikin butali wata guda cur, ƙura ce da mataccen buzuzu. Kowace kasuwa na taka zuwa Dutsi da kaye mai gaskiya tsantsa. Tafinta ya karɓa ya ce, "Lamba, wannan rabin ne ko rubu'in?" Na rantse. Na kai musu karan hatsi busasshe, sunka ce ko'ina ana samun kara. Na roƙi kumandan ya zo ya gani da idonsa. Ya ce ya zo bara. Garuruwan da ke kewaye da mu an buɗe musu rumbunansu, namu suna tsaye a liƙe, mutane na wucewa ta gabansu da kwandon anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da ake ci a yunwa. Sai da wata ya mutu sau biyu takardarmu ta iso. Da anka fasa lakar, ɗan abin da ke ciki shi ya riƙe waɗanda sunka rage har kaka. Rumbun da munka zaga shi ya ciyar da mu. Ba zan jera maka waɗanda ba su jira takardar ba, ka tambayi innarka. Gado yana cikinsu.

Babu wanda ya zage ni, Nomau. Da sun zage ni da ina gida yanzu. Gaishe ni suke yi, su tambayi lafiyar yara, su wuce. Kowa ya san da shi anka ci cinyar ragon, kowa kuma ya san hannun da ya tuntsurar. Na jure har anka yi girbi mai zuwa, na cika muku rumbu, na bi ayarin Kurmi. Nan ga shi ana ruwa safe da rana, babu mai fita ya duba, babu mai godiya.

Maigarin da za ka sauka gare shi za ya kira ka zaure. Ba bana ba wataƙila, sai shekarar da ta yi kyau. Ba mugu ba ne, tsoron yunwar mutanensa yake ji, kuma tuwonsa kake ci, sa'an ubanka ne, kai kuwa baƙo. Na daɗe ina neman kalmar da yaro za ya ce wa dattijo a'a da ita a cikin zaurensa, da goronsa a hannu. Babu ita. Don haka kada ka ce masa a'a. Ka ce, "Ranka shi daɗe, bari in karanta maka takardar babana." Ka karanta masa daga rumbun tsimi har zuwa Gado, a hankali, kada ka tsallake cinyar ragon. Ka faɗi sunana da na garinmu, in yana so ya aika a tambaya, akwai masu shaida. Innarka za ta ji kunya in labarin ya zaga, ka ba ta haƙuri. Sunan nan shekara da shekaru bai yi mini aikin komi ba, gara ya yi maka.

Ka naɗe takardar ga cikin fata saboda gara. Kada ka yi tafiya da tsakar rana kafin ruwa ya sauka, kuma ka sayi malfa, kan gidanmu ba ya son rana.

Allah shi kai ka lafiya, shi sauke ka hannun mutanen kirki. Shi tsare ka da kunama da maciji da kujerar biro. Shi ba garin da za ka ruwa mai albarka gabas da yamma, shi ba ka ikon rubuta shi yadda ya zo. Allah shi yi maka albarka, shi sa ka tsufa a inda anka san kakanka. Amin.

Ni ne ubanka,
Arzika, wanda ake ce wa Lamba.